Wadda Aka Ƙirga Sau Biyu

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe 7:10 na safe

Dakta Surayya, shugabata a wurin aiki, ta kira jiya daga Gusau. Ƙungiyarmu ta ce ni zan gwada yaran da 'yan bindiga suka sako, tunda ni ce kusa, kuma aikin da na karanta ke nan. Na tuna mata cewa malaminsu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce, "Na sani, Laila. Yaran za ki gwada, ba shi ba." Ana son rahoto kafin a koma makaranta, a san wanda zai iya ci gaba da ajinsa da wanda ke buƙatar a riƙe masa hannu.

Su goma sha ɗaya ne. Shida suna nan Ƙaura wajen dangi, uku a Shinkafi, biyu a Zurmi. Ba wanda ya koma ƙauyen, can bayan Gurbin Ɓore. Sha biyu aka tafi da su daga ajin. Ta sha biyun sunanta Tasalla, ba ta cikin waɗanda aka sako, uwarta tana Zurmi tana jiran a kira ta.

Na sauko da akwatin gwaji na goge shi. Katakai ja da fari, katunan hoto, murafen kwalba na ƙirge, agogon awon lokaci.

Yau kwana tara da dawowar Yaya Sha'aibu. Kwana ashirin da shida ya yi a can tare da su. Yana zaune ƙofar ɗakin Inna, kunun da ta dama masa ya yi sanyi a gabansa.

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe 4:40 na yamma

Yara uku yau, a zauren wani gida bayan tashar jirgi.

Ta farko Murja, shekara tara. Na danna agogo ya yi ƙas, kafin in ɗago ta shige bayan ƙofa ta dafe kai. Sai da na ba ta agogon ta riƙe, ta danna da kanta sau biyar, sannan ta yarda ta dawo tabarma. Na mayar da shi akwati. Da agogon waya zan riƙa aiki, ba ya ƙara.

Zayyanu ya ba ni dariya. Na ce ya lissafo mini sunayen dabbobi iya waɗanda zai iya cikin minti ɗaya, sai ya fara jero mini shanu da Fillanci, kowace da launinta da yanayin ƙahonta. Goma sha tara ya kawo. Takardar gwaji ta ce duk saniya ce, maki ɗaya. Na rubuta ɗayan, na rubuta sha tara a gefe da fensir.

Wurin ƙirge, tari uku nake yi da murafen kwalba: shida, sha ɗaya, sha biyar. Murja da Zayyanu duk sun samu na farko da na ƙarshe. Na tsakiyan suka ce sha biyu.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan azahar

Wasu ukun. Biyu sun ce sha biyu.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe 5:30 na yamma

Shinkafi. Na fita da hantsi, na dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kamar yadda Inna ta sa na yi mata alkawari.

Dawa ta yi tsayi har ta fi rufin mota. Daga wani wuri direba ya kashe rediyo, kowa ya yi shiru, wata tsohuwa kusa da ni tana ta motsa baki. Da muka wuce wurin ya sake kunnawa.

Yaran can sun fi ramewa. Maimaita lambobi suna yi daidai shekarunsu in dai gaba ne, amma in na ce su juyo da su baya sai su tsaya a biyu ko uku. Ba rashin kai ba ne. Kunnensu yana waje. Babur ya wuce, duk abin da na faɗa ya zube.

Su ukun duka sha biyu suka ce. Wani ma bai ƙirga ba, ina cewa "Nawa ne?" ya amsa.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe 9 na safe

Inna ta ja ni madafi ta ce jiya Yaya raka'a biyar ya yi a azahar, shekaranjiya uku. Ta ce kada in yi masa magana.

In aka kira shi ta hagu ba ya juyowa. Akwai tabo bayan kunnen, gashi bai rufe shi ba tukuna. Ban tambaya ba, Inna ma ba ta tambaya ba.

Wannan mutumin shi ya koya mini jadawalin sau a tsakar gidan nan, yana buga tafi ina rerawa.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Na gaya wa Dakta Surayya zancen sha biyun. Ta ce in fara duba kayana, wataƙila murfi ɗaya ya ƙaru ban sani ba. Na zube su a kan gado na ƙirga sau uku. Na kira Inna ta ƙirga. Sha ɗaya ne.

Dakta ta ce kuskure iri ɗaya daga yara bakwai ba kuskure ba ne, koya musu aka yi.

Talata, 20 ga Agusta, bayan magariba

Zurmi yau. Ba na son rubuta wannan, amma in ban rubuta ba zai yi ta yawo a kaina.

Hamida 'yar aji biyar ce, ƙarama, idanunta manya. Ban taɓa gwada yarinya mai kai irin nata ba a duk ƙauyukan nan. Lambobi shida ta juyo mini baya ba gargada. Katakan da nake ba manya su jera, ta jera su kafin in gyara zama. Kalmomi biyar ɗin da na ba ta, bayan minti biyar ta kawo su a jere, har da yadda na ja muryata a ta ƙarshe.

Da muka zo tarin tsakiya, ta sa yatsa tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ta kai sha ɗaya. Ta kalli ƙofa. Sai ta dawo da yatsan kan murfin farko ta sake taɓa shi, ta ce, "Sha biyu."

Na ce, "Hamida, ai kin riga kin ƙirga wannan."

Ta ce, "Ni ce wanga."

Na ce ban gane ba.

"Ni ta hwarko, ni ta ƙarshe. Haka Malam yac ce."

Daga nan ta rufe baki. Na ba ta fensir ta yi zane, ta riƙe shi kawai. Ban matsa mata ba, an hana mu, kuma ni ma ban so in ji ba.

Ina fitowa na tarar da wata mata tsaye a bakin zaure, doguwa, ta ɗaure waya a gefen mayafinta. Aka ce ita ce Turai, uwar Tasalla. Ta gaishe ni har ƙasa, abin ya ba ni kunya, don ta girme ni nesa. Ta ce ta ji ni ce ƙanwar Malam, ya jikinsa. Ta ce kullum sai ta kai wayar caji ko da cajinta bai ƙare ba, don kada su kira a tarar da ita a kashe. Ta karɓi lambata.

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Na tsaya ta damansa na ce, "Yaya, me ya sa Hamida ke ƙirga kanta sau biyu?"

Ya ajiye kofin shayi, ya sa takalmi ya fita. Sai azahar ya dawo, ƙafar wandonsa duk taɓo.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan masallaci

Bai yi mini magana ba tun ranar.

Lahadi, 25 ga Agusta, ƙarfe 3 na rana

Ruwa tun safe. Ina shigar da makin yara a takarda ya yi sallama ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Ɗauko akwatin nan naki, ki gwada ni."

Na ce bai halatta in gwada ɗan'uwana ba, sai dai Dakta Surayya.

Ya ce, "Ba na takarda nika so ba. Ni nika son in sani. Saura sati ukku a buɗe makaranta, an ce za a haɗa mu da wata hiramare nan Ƙaura. Ina son in san ko zan iya tsayawa gaban allo."

Na ba shi kalmomi biyar: rumbu, shuɗi, jirgi, haƙuri, tumatir. Ya maimaita su daidai. Na ce ya riƙe su, zan tambaye shi an jima. Sai na ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari yana sauka.

"Casa'in da ukku. Tamanin da shidda." Ya tsaya. Ya sake farawa daga ɗari. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ga yana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin rigarsa don kada in gani, na mayar da idona kan takarda.

Katakai ya yi biyu cikin shida. Kalmomin, rumbu da haƙuri kawai suka dawo. Ya yi ta kallon rufin ɗaki yana neman sauran.

Ya ce, "Nawa nic ci?"

Na ce ba a faɗin maki haka, gajiya da rashin barci duk suna rage shi. Gaskiya ne, amma ya san me nake yi.

Ruwa na ta zuba a kwano. Sai ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

Ya ce kullum da safe mai tsaronsu yana kishingiɗe gindin itace, sai ya ce Malam ya jera su ya ƙirga da ƙarfi ya ji. A kwana na tara Tasalla ta zo masa wajen alwala ta ce ta gane dutsen da ke gabas da su, ta taɓa kai awakin babanta kiwo ta bayansa, in ta bi rafi za ta kai gida kafin la'asar, ta gaya wa mutane inda suke. Ya ce mata a'a. Ta ce ko ya yarda ko bai yarda ba za ta tafi. Ya ce, "Sai nic ce mata to ta bari sai an tahi ɗibar ruwa."

Ta tafi. Washegari ya jera su. Ya taɓa kan Hamida ya ce ɗaya, ita kuma da yake ƙarama ce ta sulale ta bayan sahu ta koma ƙarshe, ya sake taɓa kanta ya ce sha biyu. Ya gaya wa yaran duk wanda ya tambaye su nawa ne, ko waye, su ce sha biyu. Kwana uku suna haka. Kowace safiya yana jiran ya ji motsin masu zuwa ceto.

Rana ta huɗu wani cikin masu tsaron ya tashi ya ƙirga da kansa.

Bai faɗi abin da ya biyo baya ba. Ya taɓa bayan kunnensa kawai.

Ya ce, "Da anka sake mu, ina sauka mota ita nika nema cikin mutane. Na ɗauka tana gida tun tuni. Sai ga uwarta ta riƙe mani riga tana cewa ina Tasalla, sun riƙe ta ko? Nic ce e." Ya rufe fuska da hannu. "Laila, da na hwaɗi gaskiya ranar hwarko, da sun bi ta sun kamo ta. Da ta sha duka, amma da tana cikin waɗanda kika gwadawa."

Na tattara katakan na mayar akwati ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe

Turai ta kira. Ta ce ko yaran sun faɗa mini wani abu game da ɗiyarta, ko tana cin abinci a can, ko tana da lafiya ranar da suka baro ta.

Na ce ba su ce komai ba.

Talata, 27 ga Agusta

Ban yi aiki ba.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe 2 na rana

Ta sake kira. Na bar wayar tana ruri a kan gado har ta katse.

Na ɗauko taswira a waya ina neman rafin da ke gabas da wani dutse. Duwatsu sun yi yawa, rafuka sun yi yawa, kuma a watan jiya duk a cike suke.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan la'asar

Na gaya wa Dakta Surayya komai, har da cewa na gwada shi. Ba ta yi mini faɗa ba, na so ta yi.

Ta ce abu biyu ne. Na farko, a kai shi asibiti a duba kunnen da kan, domin gwajina ba zai iya bambance abin da duka ya yi da abin da damuwa ta yi ba, kuma kowanne maganinsa daban. Ta ce sau da yawa irin wannan yana dawowa, a hankali. Na biyu, yara goma sha ɗaya suna ɗauke da sirrin babba, kuma muddin suna ɗauke da shi ba makin da zan rubuta da zai zama nasu na gaskiya. Ta ce, "Amma ba ke za ki faɗa wa uwar ba. Maganarsa ce."

Na ce in bai faɗa ba fa?

Ta ce, "To sai mu sake magana."

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe 8:30 na safe

Inna ta ji zancen asibiti ta ce ba abin da ke damun ɗanta sai rashin ci, wa ya ce in sa masa katakai a gaba kamar yaro. Ta ce in aka rubuta cewa kansa ya taɓu, aikin ya tafi ke nan, kuma garin nan ba a manta irin wannan. Ta yi kuka. Tun da ya dawo ban ga hawayenta ba sai yau.

Yaya ya fito daga ɗaki ya ce, "Inna, ni nis sa ta. Ba ni iya koyar da ɗiyan mutane haka." Sai ya juyo wajena ya ce, "Yaushe za ki koma Zurmi?"

Na ce Talata.

Ya ce, "Ki tashe ni."

Litinin, 2 ga Satumba, bayan magariba

Ya wanke farar rigarsa da kansa, ya shanya, ruwa ya sake jiƙa ta.

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe 5:50 na yamma

Mun je, mun dawo.

Turai tana zaune a gidan wanta Saminu. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Yaya ya ƙi hawa, ya durƙusa a ƙasa. Ya faɗi komai yadda ya faɗa mini, bai rage ba, har da "e" ɗin da ya ce mata a tasha. Sau biyu ya ɓace a tsakiyar magana, ya kalle ni, na tuna masa inda ya tsaya.

Saminu ya miƙe tsaye. Ya ce kusan kwana hamsin, Malam, kusan kwana hamsin muna zaune muna kallon waya, da mun sani ai da mun bi ƙauyukan bakin rafi gida gida. Yaya bai ɗago ba. Ya ce duk abin da suka ga dama su yi masa, daidai ne.

Turai ba ta motsa ba. Ta kwance wayar daga gefen mayafi, ta dube ta, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "Ita tac ce za ta tahi?"

Ya ce ita ce.

"Ka hana ta?"

"Na hana, Gwaggo. Sannan nib bari."

Ta gyaɗa kai. "Ko ubanta bai iya hana ta abu." Sannan ta tambaye shi ko da takalmi a ƙafarta. Ya ce akwai, nasa ya ba ta, ta cusa ganye a ciki don sun yi mata yawa. A nan ne ta ja mayafi ta rufe fuska. Mun daɗe a haka, ana jin awaki a cikin gida.

Saminu ya fita ya dawo da mutum biyu da suka san dajin. Suka sa Yaya ya zana musu dutsen a ƙasa da tsinke, da inda rana ke fitowa. Wannan bai manta ba, ko kaɗan. Ɗaya daga cikinsu ya ce akwai rugage uku ta wannan gefen da suka tashi suka ƙetara iyaka tun da damina ta yi ƙarfi, ba a san wa suka tafi da shi ba. Gobe za su fara tambaya.

Kafin mu tafi na sa aka kira Hamida. Yaya ya tsuguna daidai tsayinta ya ce mata ya faɗa, an gama, daga yau duk wanda ya tambaye ta ta faɗi abin da ta gani. Ta kalle shi, ta kalli Turai, sai ta fashe da kuka irin na ƙananan yara, da baki buɗe. Turai ce ta jawo ta jikinta.

Ta rako mu har bakin hanya. Ina shirin hawa mota ta riƙe mini hannu ta ce, "Malama, abin nan da kika yi ma yara, na ganin kai."

Na ce na'am.

"In ta dawo, ki gwada ta ita ma. Tana da kai, wallahi. Ta hi su duka."

Na ce in sha Allahu, Gwaggo, ni da kaina zan zo.

Laraba, 4 ga Satumba, ƙarfe 6:45 na safe

Asibiti yau. Inna ta ce za ta bi mu. Yaya ya riga mu shiryawa, yana tsakar gida yana jira.